Ruwan Matacciya

Shafi na 23

Da sunan Allah mai rahama. Masu aiko min saƙo tun da sanyin safiya wai na bar ku a rataye, ku sassauta min, jiya wutar unguwarmu ce ta ƙi zuwa. Ke kuma mai kare Zarami a ƙasan kowane shafi, wai yaro ne, wai ƙuruciya ce, karanta wannan tukuna sannan ki dawo mu yi ta.

*

Kwana tara da rasuwar mijinta, Huseina ta yafa mayafi ta fito daga ɗakin takaba.

Matan Dumbari suka yi mata caa.

"Ke 'yar nan, kina cikin takaba za ki hau ruwa? Me duniya za ta ce?"

"Ta ce abin da za ta ce. Yau bayan azahar za a yanke wa uwata hukunci a Haɗeja, ku kuna min maganar takaba."

Ba ta ko waiwaye su ba.

A bakin ruwa Ɗahiru na jiranta da kwalekwale. Tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama na Turawa ya dawo da ɗingishi da Turancin bariki, shi ya sa Baturen ruwa ya ɗauke shi riƙon sandar awo a aikin madatsa. Madatsar nan da ta fashe ta ci maza bakwai, har da Fannami mijin Huseina. Ita ce kuma yanzu ake cewa Inna Gumsu, mahaifiyar Huseina, ta sa aka fasa.

Jama'a, tsohuwar da ko tulu ta ɗauka sai ta huta sau biyu kafin ta kai gida!

Sai da suka yi nisa a kan ruwan da ya shanye gonakin shinkafa, kan itatuwa kawai ake gani, sannan Ɗahiru ya yi magana ba tare da ya dube ta ba.

"Ranar da Inna ta zo madatsa ina tsaye a wurin."

"Na san ta je. A gabana ta fita da gaiwa a ƙwarya."

"Kin san abin da ta faɗa?"

"Ko barci nake ina jinsa. Ta ce gaiwa ba ta farkawa a cikin laka sai laima ta taɓa ta. Ta ce nan sama ta ƙi zubowa, amma ƙasan Matacciya tana gumi daga ciki, rijiyar bulama, mai garinmu, ta hau kamu biyu. Ta ce ruwan da ya sauka can yamma da mu na tafe ta tsohuwar hanyarsa, ta bayansu, ba ta inda suka kafa sanda ba. Kwana huɗu, a kwashe mutane."

Matacciya tsohon kwarin kogi ne da ya bushe tun zamanin kakanni, a nan Inna Gumsu ta ƙare rayuwarta tana haƙar gaiwa da rani.

"Haka ta faɗa," in ji Ɗahiru. "Ba haka aka juya ba."

Huseina ta ɗago kai.

"Baturen bai yi mata dariya ba, Huseina. Wallahi bai yi ba. Tsugunawa ya yi ya ƙura wa kifin ido. Sai ya tambayi ƙanenki Zarami, tunda shi ne tafintansa, ya ce wannan wane irin sani ne? Kin san Turawa, sanin abu kafin ya zo ma sun rarraba shi, kowanne da sunansa. Akwai fokas, na mai lura da alama ya auna ya faɗa. Akwai wonin, wannan mun sha shi a daji, a ce maka kauce ga abu nan tafe. Akwai wata doguwa da harshena ba ya iya murɗawa, ta wanda jikinsa ne kawai ya ba shi. Baturen ya jera wa Zarami su da yatsu, ya ce wanne ne a ciki?"

"Wanne ya ɗauka?"

"Babu ko ɗaya."

"Ɗahiru, kada ka ja min rai."

"Zarami ya ce tiret. Barazana ke nan. Ya ce bokanya ce, wai in ba a tashi daga wurin kamun kifinta ba, cikin kwana huɗu za ta aiko musu da ruwa. Bature ya rubuta a ɗan littafinsa. Da wannan rubutun aka kama ta."

Hannun Huseina ya kama gefen jirgin.

"Bature ya tambaye shi ko ya san ta. Ya ce bai taɓa ganinta ba," in ji Ɗahiru.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta daɗe tana maimaitawa. Sannan ta juyo masa, idonta jawur.

"Kai fa? Kana tsaye kamar turmi, ka ji, ka yi shiru?"

"Ni ɗan riƙon sanda ne. Shi malami ne, ya gama makarantar midil, alƙalami a aljihu. Wa zai ji ni?" Ya share fuska da hannun riga. "Amma tun ranar abinci ba ya min daɗi. In aka kira ni yau zan faɗa. Sai dai in miƙe da kaina a gaban Di'o, Baturen mulki, gaskiya ba ni da wannan zuciyar. Sai dai wani na jininta ya kira ni."

*

Gidan da Zarami ya sauka a cikin gari ba shi da wuyar samu, kowa ya san Malam Tafinta.

Ta yi sallama ta shiga. Yana tsakar gida yana goge takalmi, farar rigarsa a rataye an sha mata guga. Yana ganinta takalmin ya suɓuce.

"Yaya! Ke da ke takaba?"

 Idonta ya wuce shi ya shiga ɗakin da ke buɗe.

Ga gadon ƙarfensa. Ga akwatin littattafansa. Ga jeren kwanukan matarsa Ma'u suna ƙyalli, har tabarmar sallarsa mai jan baki tana nan a naɗe. Duk kayan da ta sani ne a gidansa na bakin madatsa, gidan da ruwa ya tafi da shi har turakunsa.

Ko ɗigon laka babu a jikinsu.

Ma'u ta fito da ruwan sha tana mata gaisuwar rashi. Huseina ta karɓi kwanon ta riƙe.

"Ma'u, Allah ya tsare muku kaya. Yaya aka yi kuka fitar da su?"

"Ai Yaya, Allah ne ya kiyaye. Saura kwana biyu ruwan ya zo Malam ya kawo jakuna uku, ya ce maza mu..."

"Ma'u, shiga ɗaki!"

Ta shiga da sauri. 

Huseina ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, don in ta ci gaba da riƙe shi a fuskarsa zai ƙare.

"Ashe ka yarda da ita."

"Yaya, ki tsaya ki ji..."

"Ka yarda da ita! Ka ce wa Bature bokanya ce, ka koma gida ka ɗaure kwanuka!"

"Wa ya gaya miki wannan maganar?"

"Jakuna uku, Zarami. Jakuna uku ka nemo wa kwano da littafi. Mijina yana ƙasan madatsa yana cika buhu da ƙasa, 'yan doka a kansa ba halin ya gudu, kai ka wuce ta gabansa da gadon ƙarfe. Ka gaishe shi ma?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce ka gaishe shi?"

"Shi ya ce min a sauka lafiya."

Wayyo Allah! Nan ne ta zauna a kan turmin da ke kife. Ba ta yi kuka ba. Kukan ya riga ya ƙare a kwana tara, abin da ya rage ɗaci ne kawai, har a harshenta tana jinsa.

"Ni na goya ka," ta ce. "Bayan nan nawa ka yi wa fitsari. Tare muka bi Inna zuwa Matacciya, kai ne ma ka fi ni iya gane inda gaiwa take kwance. Kana taka ƙasa ka ce a haƙa nan. Ka san ba tsafi take ba."

"Na sani."

"To me ya sa?"

Sai maganar ta ɓalle masa gaba ɗaya.

"Ni na rubuta musu cewa Matacciya ta mutu! Da hannuna! Ni na nuna inda za a kafa sandar awo. A kan wannan takardar aka sa sunana cikin waɗanda za a kai Zariya ƙaro karatu. Shekara shida ina jiran wannan, Yaya. Sai ga ta da laka har gwiwa, zani a yage, da kifi a ƙwarya, a gaban leburori, a gaban kowa, tana cewa takardata ƙarya ce. In ce masa me? In ce uwata ce, kuma ta fi ni sani?"

"Eh. Haka za ka ce."

"Na ɗauka ruwan iyakarsa gwiwa. Wallahi na ɗauka zai ɗan jiƙa buhuna ya wuce."

"Shi ya sa ka kwashe gado."

Ya ɗauki takalmin da ya faɗi yana jujjuya shi.

"Yau za ka tashi a gaban Di'o ka faɗi abin da ta ce da bakinta."

"Za su ɗaure ni. Rai bakwai ne, Yaya."

"Yanzu ka san rai bakwai ne? To ita za a ɗaure?"

"Tsohuwa ce, ba za su tsananta ba. Na ji ana cewa shekara biyu ne, ko a kore ta daga ƙasar. Zan nemi alfarma daga baya, ina da hanya..."

Huseina ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Tir," kawai ta ce, ta fita.

*

A wata rumfa bayan ofishin Di'o aka ajiye Inna Gumsu. Ɗan dokan da ke gadi ya ga mayafin takaba ya kau da kai, ya bar ta ta shiga.

Tsohuwar na zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Ta rame, duk ta zama ƙashi. Da ta ga 'yarta sai ta kawar da fuska gefe, yadda ta saba.

Huseina 'yar fari ce. Shekara talatin da huɗu a duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Kunyar ɗan fari ce, haka aka tarar. "Ke" ce, ko "waccan", in an ji daɗi "'yar nan". Shi kuwa Zarami auta, sunansa a bakin Inna kamar tasbihi.

"Ke, wa ya ce ki fito?"

"Inna, na samo mafita. Ɗahiru ya ji komai. Ba abin da kika faɗa aka gaya wa Bature ba. Zarami ne ya..."

"Rage murya."

Huseina ta tsaya.

Ta zaci tsohuwar za ta zabura, ko ta yi salati, ko ta ce ƙarya ne. Ba ta yi ko ɗaya ba. Tsinke kawai ta ɗauka tana zane a ƙasa.

"Inna... kin sani?"

"Ni ba na jin Turanci."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Inna Gumsu ta ja numfashi.

"Tun yana ƙarami, in zai yi ƙarya sai ya murza kunnensa na hagu. Ranar yana magana da Baturen hannunsa bai bar kunnen ba. Na kuma ga fuskar Baturen ta sauya, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Na san ba tawa aka kai masa ba."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

"Kwana huɗu, Inna! Kina da kwana huɗu a hannu! Da kin je wa bulama kin ce tafinta ya juya magana. Da kin nemi wani mai jin Turanci. Da ni kika gaya wa, wallahi da na je na kwanta a gaban dokin Baturen!"

"Da na tona masa asiri a gaban duniya."

"Sai kika rufa."

"Na bi shi gida da la'asar na roƙe shi. Ya ce zai gyara. Na ɗauka zai gyara."

"Ya gyara ai. Ya kwashe kwanuka."

Tsohuwar ta runtse ido.

"Na aika wa mijinki cewa ya ce musu ba shi da lafiya, ya bar aikin. Ya ce in ya gudu bulala za a yi wa bulama."

"Kin aika." Huseina ta yi wata dariya marar daɗin ji. "Ɗanki kin bi shi da ƙafarki. Mijina kin aika."

Kai, duniya! Ta ratso ruwa cikin takaba, ta bar 'ya'ya uku a hannun maƙwabta, don ta fitar da uwarta daga bakin kura. Ashe uwar da ƙafarta ta shiga, kuma Fannami na cikin abin da ta bayar don ɗanta ya tsira. Huseina ta ji tana son ta rungume tsohuwar nan, ta kuma ji ba ta son ko inuwarsu ta haɗu.

"Ki saurare ni," in ji Inna Gumsu, har yanzu ba ta dube ta ba. "Wanda ya tafi ya tafi. Ni kwana nawa ya rage min? Ko a gidan yari ko a Dumbari, rami ɗaya ne. Shi yanzu ya fara. Matarsa ciki gare ta."

"Nawa 'ya'yan uku fa? Su tashi ana nuna su, ga jikokin bokanyar da ta kashe ubansu?"

"Za a manta."

"Ni ba zan manta ba."

"In kika buɗe baki a wurin nan, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Kafin Huseina ta sami abin cewa ɗan doka ya leƙo.

"Tsohuwa, tashi. An zauna."

*

Barandar ofishin ta cika maƙil. Di'o na kan kujera da lofe a baki, jar fuskarsa ba ta nuna komai. Shekararsa goma sha biyar a ƙasar Hausa, ya ji harshen kamar a nan aka yanke masa cibiya. Alƙali na zaune a gefensa a kan buzu. Can kuma Baturen ruwa, wanda ko sannu bai iya ba, da ɗan littafinsa a gwiwa, Zarami a tsaye a bayansa cikin farar riga yana raɗa masa duk abin da aka faɗa.

Iyalan mamatan sun zauna a ƙasa. Da aka shigo da Inna Gumsu wata mata ta tofar da yawu.

Aka karanta abin da ke littafin. Wata bokanya ta yi barazanar aiko ruwa cikin kwana huɗu. A rana ta huɗu madatsa ta fashe ta baya, inda ba a zata ba.

Alƙali ya dubi tsohuwar.

"Gumsu, kin faɗi haka?"

"Allah ya gafarta malam, na tsufa. Ban tuna abin da na faɗa ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni.

"Malam Zarami, abin da ka juya, shi ta faɗa?"

"Shi ne, Allah ya gafarta malam."

Huseina tana kallonsa. Hannunsa na hagu ya tashi a hankali ya kama kunne.

Alƙali ya gyara zama.

"Kafin a yanke, akwai wanda ya ji maganar nan da kunnensa, yake da abin cewa?"

 Can baya Ɗahiru ya jingina da ginshiƙi, kansa a ƙasa, yana jira.

Huseina ta dafa ƙasa ta miƙe.

"Huseina!"

Muryar ta tsaga wurin. Kowa ya juya.

Inna Gumsu ce. Ta ɗago kai, ta zuba wa 'yarta ido sosai, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban mutane.

"Huseina, 'yata. Zauna."

Shekara talatin da huɗu tana jiran ta ji yadda sunan nan zai fito daga bakin nan. Tana yarinya har ɓuya take a bayan rumbu ko Inna za ta manta ta kira ta. Yau ga shi ta ji, har sau biyu, har da 'yata. Kuma ba don ita aka kira ba.

Hawayen da ta zaci sun ƙare suka zubo. Ba ta share ba.

"Kin makara, Inna."

Ta juya wajen alƙali.

"Allah ya gafarta malam, ni matar Fannami ce, ɗaya daga cikin bakwai ɗin. Tsohuwar nan uwata ce. Wancan mai farar riga da ya ce bai taɓa ganinta ba, ita ta haife shi. Gargaɗi ta kawo, ya mayar da shi barazana, sannan ya je ya kwashe kayansa a kan jakuna uku. A kira Ɗahiru mai sanda, yana jin Turanci, yana wurin."

Wurin ya kaure da salati. Inna Gumsu ta ɗora hannu biyu a ka.

Baturen ruwa ya dubi wannan ya dubi wancan, bai gane komai ba. Ya juya ya taɓa hannun tafintansa, ya nuna Huseina da alƙalami, yana tambayar me ta ce.

Zarami ya buɗe baki. Hannunsa ya nufi kunnensa na hagu.

Di'o ya cire lofen daga bakinsa, ya ƙwanƙwasa shi a jikin kujera, ya ce da Hausa tsantsa:

"Malam Zarami, juya masa mana. Kalma bayan kalma. Ina ji."